Tashe ko suna: wa ya cancanci shiga cikin sha ɗayan farko a wasan kurket?

Injiniya Bashir (Gwarimpa): Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da ƙura ta lafa bayan wasan Oval na Agustan 2025 tsakanin Indiya da Ingila, an gama jinjina wa Siraj na Indiya, an gama tausaya wa Woakes na Ingila da ya fito bugu da hannu a rataye, bari in kawo abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Karun Nair ya ci maki 303 ba a fitar da shi ba a Chennai, a Disambar 2016, a kan Ingila. Shi ne Ba'indiye na biyu da ya kai 300 a wasan Tes (wasan kwana biyar tsakanin ƙasashe), bayan Sehwag. Wasan da ya biyo baya, da Bangaladash a Hyderabad, aka ce ya zauna saboda Rahane ya warke. Aka ba shi wasa uku da Ostireliya, abin bai yi kyau ba, shi ke nan. Sai bayan shekara takwas ya sake saka farar rigar Tes. Shi kuwa Kohli, tauraron Indiya, daga farkon 2020 har ya ajiye a Mayun 2025, matsakaicin makinsa 30 ne da 'yan kai. Daga Nuwamban 2019 zuwa Maris na 2023 ko ɗari guda bai ci ba a wasan kwana biyar. Babu wanda ya ce masa tashi. Ni a ganina wannan magana ta "wane yana tashe, wane ya yi sanyi" yara kawai ake karanta wa. Mai suna ba a duba masa. Me kuka gani?

Nura (Lugbe): Wallahi Injiniya ka gama magana. Ni tsarina ba shi da wuya: wasa uku ba ka taɓuka komai ba, benci. Ko kai ɗan waye. Ƙasa mai mutum fiye da biliyan ɗaya a ce babu mai hawa kujerar wani?

Malam Sabo (Kubwa): Wa alaikumus salam. Nura ɗana, da tsarinka ake bi da duniya ba ta san Marvan Atapattu na Siri Lanka ba. Shigarsa shida ta farko a Tes, maki ɗaya tak ya samu. Ba ɗaya a kowace shiga ba, ɗaya gaba ɗaya, sauran biyar ɗin sifili ne. Wannan mutumin daga baya ya ci ɗari sau 16, shida daga ciki sun haura ɗari biyu, har kyaftin ya zama. Alastair Cook a bazarar 2010 jaridun Ingila sun gama rubuta masa takardar sallama. Aka bar shi, ya ci 110 a Oval a kan Pakistan, bayan 'yan watanni ya je Ostireliya ya tara 766, Ingila ta ci Ashes (gasarta da Ostireliya) a can karo na farko cikin shekara 24. Shi kansa Bradman na Ostireliya, wasansa na farko a Brisbane a 1928, 18 da 1 ya ci.

Nura (Lugbe): Allah ya gafarta Malam, ai Bradman hujjata ce. An ajiye shi a wasa na biyu, ya dawo a na uku ya ci 79 da 112. Bencin ne ya gyara shi.

Malam Sabo (Kubwa): Ko kuma masu zaɓen ne suka gane wautar da suka tafka. Je ka duba me Ingila ta yi a Ashes na 1989. 'Yan wasa 29 ta yi amfani da su a wasa shida, aka lallasa ta 4-0. Graeme Hick da Mark Ramprakash kowannensu ya ci ɗari fiye da sau 100 a wasannin cikin gida, amma a rigar ƙasa yau a sa su, gobe a cire, jibi a dawo da su. Mutumin da ya shiga fili yana tunanin in ya fita yanzu shi ke nan, ƙafarsa ba za ta motsa yadda ta saba ba. Na koyar da yara wasanni shekaru masu yawa, na ga wannan da idona. Yaron da ke waiwayen malami bayan kowace ƙwallo, ba ya daɗewa a tsaye.

Dakta Halima (Garki): Baba Malam, ina tare da ku rabi. Matsalar misalin Atapattu ita ce muna tuna shi ne don haƙurin ya biya. Waɗanda aka yi ta haƙuri da su har suka tafi ba su biya ba, babu mai kawo sunansu a zaure. Don haka labari ɗaya mai daɗi ba ya zama doka.

Amma kuma Nura, wasa uku shiga shida ce kawai, in ma ruwan sama bai cinye wasu ba. Mai bugu kuskure ɗaya gare shi a kowace shiga. Ƙwallo ɗaya mai kyau ta same shi a minti biyar na farko, ya koma ɗaki. Bradman mai matsakaicin 99.94 ya fita da sifili sau bakwai a shiga 80. Markram a wasan ƙarshe na gasar duniya ta Tes a Lord's, watan Yunin 2025, sifili ya ci a shigar farko, a ta biyu ya ci 136 ya ɗauko wa Afirka ta Kudu kofi. Mutum ɗaya, fili ɗaya, kwana biyu tsakani. Wanne ne tashensa a ciki?

Abin da ya kamata a duba shi ne yadda mutum yake fita, ba adadin kawai ba. A nan ne nake goyon bayan Injiniya kan Kohli. A Ostireliya, ban da ɗarin da ya ci a Perth, sau takwas aka fitar da shi a jerin wasannin, kuma duk takwas ɗin hanya ɗaya ce: ƙwallo tana wucewa can nesa da turakunsa, ya miƙa katako, ta lashi gefe, na baya su cafe. Wannan ba rashin sa'a ba ne. Rashin sa'a yana zuwa kala-kala. In kuwa kala ɗaya yake zuwa kullum, to an gano lagon mutum.

Injiniya Bashir (Gwarimpa): Dakta kin faɗa mini abin da na kasa tsarawa. Wasan Melbon ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare ake farawa a agogonmu, mutum ya hana idonsa barci ya ga an sake maimaita abin da ya gani a Adelaide da Brisbane. Boland ma kamar ba ya wahala, ya san inda zai ajiye ta kawai.

Sadiya (Nyanya): Ku yi haƙuri ni sabuwa ce, ƙanwata ce ke bugawa a makaranta ta ja ni ciki. Me ya sa abin ya zama babbar magana haka? In ɗan wasa bai yi kyau ba a ranar farko, ba sai koci ya canza shi ba kamar a ƙwallon ƙafa?

Koci Ɗanjuma (Area 1): Barka da zuwa ƙanwata. A'a, ba a canji. Sunaye sha ɗayan da kyaftin ya miƙa kafin a jefa kwabo, su ne har kwana biyar. Wani zai iya shigowa ya taya tsaron fili in an ji ciwo, amma ba zai yi bugu ko jifa ba. Kin ga Rishabh Pant a Old Trafford, ƙashin ƙafarsa ya tsage, Jurel ya karɓi safar hannu ya tsaya bayan turaku, amma da lokacin bugu ya yi Pant ɗin ne ya sauko da ɗingishi. Inda aka yarda a yi cikakken canji shi ne in ƙwallo ta bugi mutum a ka ta girgiza shi, an fara wannan a 2019. Na farko da ya shigo ta wannan ƙofa shi ne Labuschagne, washegarin ranar da Archer ya kwantar da Steve Smith a Lord's. Ya ci 59, daga nan bai sake komawa benci ba tsawon shekaru. Shi ya sa kuskuren zaɓe yake da tsada. In ka yi shi safiyar Alhamis, da shi za ka kwana har Litinin.

Alhaji Garba (Kasuwar Wuse): Ni dai ku bar ni da Pakistan ɗina. Duk wannan lissafin naku, Multan ta amsa shi a Oktoban 2024. Mun ci 556 a shigar farko, Ingila ta ci 823, Brook 317, Root 262, aka cinye mu ba tare da sun sake shiga ba. Abin kunya. Sabon kwamitin zaɓe ya zo ya ce Babar Azam ya huta, Shaheen ya huta, Naseem ya huta. Duniya ta ɗauka. Babar fa tun 161 da ya ci a Karachi a Disambar 2022 har zuwa lokacin ko hamsin bai ƙara kaiwa ba a Tes. Kamran Ghulam ya hau gurbinsa, wasansa na farko ya ci 118. Muka ci na biyu, muka ci na uku, 2-1. To ina amfanin suna? Nura, miƙo hannu.

Nura (Lugbe): Ga shi Alhaji. A buga wannan a manna a bango.

Dakta Halima (Garki): Alhaji ranka ya daɗe, ba cire Babar ne ya ci muku wasan ba. Ƙasar filin aka canza. Wasa na biyu a kan filin da aka gama buga na farko aka yi shi, ya riga ya bushe ya tsattsage. Na uku a Rawalpindi har da manyan fankoki da na'urorin ɗumama aka jera don a busar da shi. Sai aka kira masu murɗa ƙwallo biyu da aka manta da su, Noman Ali mai shekara 38 da Sajid Khan. A Multan su biyun suka raba wiket 20 ɗin duka, wato duk mutum 20 da aka fitar. A wasa biyu, 39 daga cikin 40 nasu ne. Da Babar yana ciki ma sakamakon ba zai canza ba.

Alhaji Garba (Kasuwar Wuse): Dakta, da 118 ɗin Ghulam babu, me Noman zai kare? Kar ki rage wa yaro ladansa. Amma kan fili na yarda da ke, don wata biyu kafin nan mun ga ɗaya fuskar. Wasan farko da Bangaladash a Rawalpindi, muka cika tawaga da masu jifan ƙarfi, ba ƙwararren mai murɗawa ko ɗaya. Ranar ƙarshe Mehidy da Shakib suka murɗe mu, Bangaladash ta ci mu karo na farko a tarihin Tes. Kamar ɗan kasuwar da ya yi lodin barguna ya nufi Sakkwato a watan Afrilu. Kayansa masu kyau ne, kasuwar ce bai karanta ba.

Injiniya Bashir (Gwarimpa): To ai nan ne masu jifa suke shan zalunci fiye da masu bugu, kuma ba a cika magana a kai ba. Ajaz Patel na Niyu Zilan ya fitar da mutum goma duka a shiga ɗaya a Mumbai, garin da aka haife shi, Disambar 2021. Kafin shi Jim Laker ne a 1956 da Anil Kumble a 1999, shi ke nan. Jerin wasannin da suka biyo baya a gida da Bangaladash, ko cikin tawaga ba a sa shi ba, wai filayensu ciyawa ce. Kuma Bangaladash ɗin ta ci su a Mount Maunganui. Kuldeep Yadav ya zama gwarzon wasa a Chattogram a 2022, wiket takwas da maki 40, wasa na gaba aka cire shi. Bazarar 2025 kuma wasa biyar a Ingila yana kai ruwa. Ashwin yana na ɗaya a duniya aka bar shi a waje a wasan ƙarshe na gasar duniya ta Tes na 2023 a Oval. Ka taɓa jin an ce wa mai bugu na ɗaya a duniya "wannan filin bai dace da kai ba, zauna"?

Koci Ɗanjuma (Area 1): Injiniya, dalilin yana nan ko da ba ya yi maka daɗi. Mai murɗawa a fili mai ciyawa da hadari a sama, hannunsa a ɗaure yake, kyaftin ba zai ma ba shi ƙwallo ba. Mai bugu kuwa kowane fili sai ya shiga. Inda na yarda an yi son zuciya shi ne batun Kuldeep. Shi da wuyan hannu yake murɗawa, ba ya jiran fili ya taimake shi sosai, kuma filayen Ingila na 2025 a shimfiɗe suke, ana ta cin ɗari-ɗari. An bar shi ne don tsoron kada wutsiyar masu bugu ta yi tsawo, aka fifita waɗanda za su iya ƙara maki 30 a lamba takwas. Wasan Tes kuma sai ka fitar da mutum ashirin kake cin sa. A Headingley Indiya ta ci ɗari sau biyar a wasa ɗaya, kuma ta sha kashi, Ingila ta kamo 371 ranar ƙarshe.

Malam Sabo (Kubwa): Amma Sundar da aka fifita ɗin shi ya tsaya da Jadeja a Old Trafford suka hana a ci su. Da Kuldeep ne a wurin da an tashi 3-1.

Koci Ɗanjuma (Area 1): Haka ne Malam. Ko kuma da Ingila ba ta kai 669 ba tun farko. Wannan ba mai iya rabewa.

Nura (Lugbe): Tun da Malam mai haƙuri ne, ina so ya kare mini Zak Crawley. Wasa fiye da 50, matsakaici wajen 31. A Niyu Zilan, Disambar 2024, shiga shida, Matt Henry ya fitar da shi sau shida. Mutum ɗaya! Maki 52 ya tara gaba ɗaya. Dakta ta ce a duba yadda mutum yake fita, to ga shi nan. Amma har bazarar 2025 shi ke buɗe wa Ingila bugu.

Malam Sabo (Kubwa): Ba zan kare shi ba. Haƙuri da sangarta ba ɗaya ba ne. Abin da kyaftin Stokes da koci McCullum suka fara yi a Ingila tun 2022 wani abu ne daban: sun daina zaɓen wanda ya fi cin maki, suna zaɓen wanda ya yi kama da irin wasan da suke so. Crawley dogo ne, yana dukan ƙwallo tun obar farko (jifa shida na farko), rana ɗaya a shekara zai yi maka 267 kamar a Southampton a 2020, ko 189 kamar a Old Trafford a 2023. Wannan ranar suke saye, sauran ranakun su yafe. Abin da ke damuna shi ne yaran da ke wasannin gundumomi. Ka ci maki dubu a shekara, a wuce ka a ɗauko Jacob Bethell a sa shi lamba uku a Niyu Zilan alhali bai taɓa cin ɗari ba a babban wasa. To me za ka faɗa wa wancan? Ya ci gaba da ƙoƙari don me?

Alhaji Garba (Kasuwar Wuse): Har da takwaran Injiniya.

Injiniya Bashir (Gwarimpa): Ku bar mini takwarana. Amma gaskiya ne, Shoaib Bashir wasa shida ya buga a babban wasan cikin gida, wiket goma, aka ɗauke shi zuwa Indiya a 2024. Stokes a waya ya ga ɗan bidiyonsa yana jifan Cook. A lokacin, a ƙungiyarsa ta Somerset, Jack Leach ne ke gabansa, har aro ake ba da shi ga wasu ƙungiyoyin don ya samu wasa, amma a rigar ƙasa shi ne ke gaban Leach. Tsayinsa suka gani da yadda ƙwallo ke saukowa daga sama. Ni ban ce bai iya ba, da karyayyen yatsa ya fitar da Siraj a Lord's aka ci da maki 22. Abin da nake cewa shi ne an ba shi lokacin da zai koyi aikin a cikin aikin. Sarfaraz Khan ya shekara nawa yana tara maki a gasar Ranji ta cikin gidan Indiya kafin a kira shi a 2024? Ya ci 150 a kan Niyu Zilan a Bengaluru, wasa biyu suka yi masa tsami, a Ostireliya bai buga ko ɗaya ba, zuwa Ingila ba a ma rubuta sunansa ba.

Dakta Halima (Garki): Kuma su masu haƙurin nan su ne suka zaunar da Anderson a 2024 suka ce masa Lord's ne wasanka na ƙarshe. Wiket 704, kuma ba don hannunsa ya mutu ba, don suna hangen Ashes na gaba ne, shi kuma yana da shekara 41. A wannan wasan Atkinson ya fara, ya kwashi 12. Kun ga ke nan akwai abu na uku ban da tashe da suna: ina tawagar za ta kasance nan da shekara biyu. Mai zaɓe yana da wannan lissafin a kai, mu masu kallo ba ruwanmu da shi, na yau muke so.

Sadiya (Nyanya): To in kyaftin ne da kansa ya yi sanyi fa? Wa zai cire shi?

Injiniya Bashir (Gwarimpa): Tambayar da ta rikita Indiya ke nan. Kyaftin Rohit bai je Perth ba a 2024, matarsa ta haihu. Bumrah ya ja tawaga aka ci da maki 295. Rohit ya dawo, ya sauka lamba shida don kada ya raba Rahul da Jaiswal, bai yi ba. A Melbon ya koma buɗewa, kuma don a samar masa wuri sai aka cire Gill. Shiga biyar, maki 31. A Sidni ya janye da kansa. Mutane suna ta yaba masa, ni kuwa abin da na gani shi ne babu wanda ya iya faɗa masa tun a Brisbane. Gill ɗin da aka cire dominsa shi ne ya ci 754 a Ingila bayan wata shida.

Malam Sabo (Kubwa): Kyaftin ba makinsa kaɗai ake kallo ba. Mark Taylor ya yi shiga 21 bai kai hamsin ba kafin ya ci 129 a Edgbaston a 1997, Ostireliya ta riƙe shi don tawagar tana cin wasa a hannunsa. Bambancinsa da Rohit ke nan, shi tasa tawagar ta riga ta sha 3-0 a gida a hannun Niyu Zilan. Ga kuma Bavuma. Ɗarinsa na farko a Cape Town a 2016, na biyu sai 2023. Shekara bakwai. Irin zagin da ya sha, har da masu cewa launin fatarsa ne ya ba shi wuri. Amma wanda ke kallon wasan ya san filayen Afirka ta Kudu sun fi na ko'ina wahalar bugu a waɗannan shekarun, kuma 60 ɗinsa sau da yawa ta fi ɗarin wani. A Lord's da tsagewar naman cinya ya tsaya da Markram ya ci 66. Wasa goma a matsayin kyaftin zuwa wannan ranar, ba a ci shi ko ɗaya ba.

Nura (Lugbe): Bavuma kam ba ni da bakin magana. Ɗan Afirka ne kuma, ba na taɓa shi.

Koci Ɗanjuma (Area 1): Bari in jawo mu gida kaɗan. Mu ba ma cikin ƙasashe 12 masu buga Tes, namu gajerun wasanni ne, amma ciwon kan iri ɗaya ne, har ya fi. Su suna da alƙaluman shekaru, ni in zan fitar da sha ɗaya daga yaran da ke zuwa atisaye ranar Asabar, abin da na gani a raga ne kawai da wasa biyu ko uku. Yaro yana iya yin kyau a raga, a sa shi a tsakiyar fili jikinsa ya ɗau ɓari. Wani kuma a raga ba ka ba shi ko sisi, amma in aka fara ƙirga maki sai ya zama wani mutum. 'Yan matanmu 'yan ƙasa da 19 da suka ci Niyu Zilan da maki biyu a Malesiya a Janairun 2025, irin na biyun nan ne. Abin da ya rage mana shi ne yawan wasa. In ba a buga da yawa, duk zaɓe cinta ne.

Sadiya (Nyanya): Koci, zan kawo ƙanwar tawa in an yarda.

Koci Ɗanjuma (Area 1): Ki kawo ta, ki yi mini magana ta gefe.

Alhaji Garba (Kasuwar Wuse): Wani abu da ba ku taɓo ba: cirewar ba kullum hukunci ba ce. Babar da ya huta ya dawo a Afirka ta Kudu ya haura hamsin sau uku a jere. Usman Khawaja kuma, haifaffen Islamabad, Musulmi na farko da ya buga wa Ostireliya, an ajiye shi a tsakiyar Ashes na 2019. Kowa ya ce ta ƙare. Ya koma Queensland yana ta bugunsa. Janairun 2022 Travis Head ya kamu da korona, aka ce zo ka riƙe mana wasa ɗaya a Sidni. Ya ci 137 da 101. Dole aka cire Harris aka ba shi buɗewa. Ya je Pakistan ya ci 496 a wasa uku. Da an bar shi yana ta fama a 2019 ɗin, wa ya san inda za ta kai shi?

Dakta Halima (Garki): Shi ya samu ƙofa ta buɗe kuma aka bar shi a ciki. Scott Boland fa? Wasansa na farko yana da shekara 32, wiket shida da maki bakwai a Melbon. A Sidni, Janairun 2025, ya kwashi goma a kan Indiya, gwarzon wasa. Watan Yuni a Lord's aka bar shi a waje saboda Hazlewood ya warke. A Jamaika da aka sa shi, ya fitar da uku a jere ranar da Wes Indis ta ƙare a 27. Mutumin nan bai taɓa yin sanyi ba, laifinsa kawai an haife shi zamani ɗaya da Cummins da Starc da Hazlewood.

Nura (Lugbe): To Malam, kai ne mai zaɓe a safiyar Lord's. Wuri uku, mutum huɗu, duk lafiyarsu ƙalau. Wa za ka ajiye? Kar a ce mini "ya danganta".

Malam Sabo (Kubwa): Hazlewood. Tun Disamba bai buga wasan kwana biyar ba, daga ciwo ya wuce gasar IPL ta gajerun wasanni a Indiya, oba huɗu-huɗu yake jifa da farar ƙwallo har mako guda kafin wasan. Boland kuwa jar ƙwallo ce sana'arsa, kuma gangaren filin Lord's yana son mai ajiye ta wuri ɗaya ba gajiya.

Injiniya Bashir (Gwarimpa): Yau Malam ne ke cire mai suna.

Malam Sabo (Kubwa): Na cire shi a wasa ɗaya, kuma zan kira shi in gaya masa dalili da bakina, in ce masa ya shirya wa Barbados. Nair wa ya kira shi?

Dakta Halima (Garki): A Barbados ɗin kuwa Hazlewood ya kwashi biyar a shiga ta biyu, Boland yana benci. Nura, kai sai ka faɗa mana wanda za ka cire a wasan da ya biyo baya.